Lambar da ba a maimaitawa: inda kulle saƙo da sa hannun dijital ke samun ɓaraka

A ɗauka wani ɗan kasuwa yana da babban shago a Maradi, da rassa a Tasawa, Madarumfa da Dan Isa. Kowane reshe na da waya ko ƙaramar na'ura da ke aika saƙo zuwa babbar kwamfutar shagon, wadda masu sana'ar ke kira saba. Saƙon bai wuce irin wannan ba: "a biya mai mota sefa 150,000". Wanda ya rubuta manhajar ya kulle saƙon da AES, wani sanannen tsarin kulle bayanai da mabuɗi, hankalinsa ya kwanta, tunda ba wanda zai iya karantawa a hanya.

Ba za a iya karantawa ba, gaskiya ne. Amma idan salon AES da ya bi shi ne CTR tsura, wato kullewa kawai ba tare da tantancewa ba, ana iya sauya saƙon ba tare da an karanta shi ba. A cikin kwamfuta ana rubuta harafin 1 da 00110001, harafin 9 kuma da 00111001. Bit ɗaya tak, wato gurbi ɗaya na 0 ko 1, ya raba su. Duk wanda ya san tsarin saƙon, ya san a gurbin da adadin kuɗi yake zama, zai juya wannan bit ɗin a kullallen saƙo, saba ta buɗe ta ga sefa 950,000, ba ta da ta cewa. Ɓarawon bai taɓa ganin mabuɗi ba.

Wannan ya sa aka daina raba kullewa da tantancewa. Kullewa mai hatimi, wadda aka fi sani da AEAD, tana karɓar abu huɗu: mabuɗi, saƙon da za a kulle, bayanan rakiya da ba a kullewa amma ake so hatimi ya rufe su, da wata lamba da ake kira nons, wato lambar da ake amfani da ita sau ɗaya rak a ƙarƙashin mabuɗi guda. Abin da ke fitowa shi ne kullallen saƙo da hatimi mai bayit 16 (bayit ɗaya bit takwas ne). Idan aka taɓa ko bit ɗaya, hatimin ba zai dace ba, sai a yi watsi da saƙon gaba ɗaya.

An sha wuya kafin a zo nan. A 2000 Mihir Bellare da Chanathip Namprempre suka nuna cewa tsarin da ya fi aminci shi ne a kulle tukuna, sannan a buga hatimi a kan kullallen saƙon. Tsohon TLS, wanda ke tsare shafukan intanet, akasin haka yake yi. A 2002 Serge Vaudenay ya nuna yadda bambancin amsar kuskure kaɗai ke isa a warware saƙon da aka kulle da wani tsohon salo mai suna CBC, aka ci gaba da ganin ƴaƴan wannan hari, Lucky Thirteen a 2013 da POODLE a 2014. Da TLS 1.3 ya fito a 2018, sai aka share tsofaffin salon, aka bar AEAD kaɗai. Saboda haka wanda ke rubuta sabuwar manhaja yau ba shi da hujjar haɗa kullewa da hatimi da hannunsa. Wannan babin a rufe yake.

Ba a nan gizo ke saƙar ba. Matsalar da ta rage, wadda kuma ta fi kusa da mu, ita ce nons.

A duba yadda AES-GCM, ɗaya daga tsare-tsaren AEAD, ke aiki, tunda shi ya fi yaɗuwa. Daga mabuɗi da nons mai bit 96, ana samar da dogon zaren bit da ba ya da kan gado ga wanda bai san mabuɗin ba. Ana haɗa zaren da saƙo bit da bit ta lissafin XOR: idan biyun iri ɗaya ne a rubuta 0, idan sun bambanta a rubuta 1. Mabuɗi ɗaya da nons ɗaya kullum zare ɗaya suke haifarwa. To idan aka kulle saƙo biyu da nons ɗaya, mai leƙen asiri sai ya haɗa kullallun biyu da XOR, zaren ya kashe kansa, abin da ya rage shi ne bambancin saƙon farko da na biyu a fili. Ga saƙonnin kuɗi, waɗanda rabin kalmominsu sanannu ne, wannan da karantawa duk ɗaya.

Wannan ma ƙaramar asarar ce. Hatimin GCM ya dogara da wata ɓoyayyar lamba da ake kira H, wadda ake samu ta hanyar kulle bit 128 na sifili da mabuɗin. Antoine Joux ya nuna tun 2006 cewa saƙo biyu masu nons ɗaya sun isa a kafa lissafin da zai kai ga H. Wanda H ta shiga hannunsa ya samu hanyar ƙirƙiro hatimin da saba za ta karɓa, kuma H ba ta canzawa sai an canza mabuɗi. A 2016 wasu masu bincike sun leƙa intanet, suka samu saba 184 na shafukan intanet masu tsaro (HTTPS) suna maimaita nons. Harin KRACK da Mathy Vanhoef ya bayyana a 2017 kan WPA2, tsaron Wi-Fi, shi ma a nan ya ɓullo: ana yaudarar na'ura ta mayar da ƙidayarta baya.

Yanzu a dawo Maradi, a tambaya: ta ina nons ke maimaituwa a aikinmu na yau da kullum? Ta ɗaukewar wuta, kafin komai. Hanya mafi sauƙi ta samar da nons ita ce ƙidaya, 1, 2, 3. Idan ƙidayar tana zaune a ƙwaƙwalwar wucin gadi kawai, wuta na ɗaukewa ko batir na mutuwa sai ta koma sifili, mabuɗi kuwa yana nan daram a ma'ajiya. Na'urar da ta mutu sau uku a rana ta kulle saƙo huɗu daban-daban da nons mai lamba 1. Ba wani kuskure da zai bayyana a allo. Komai zai yi ta tafiya lafiya lau, shi ya sa abin ke daɗewa ba a gano ba.

Wasu sukan ce to a rinƙa rubuta ƙidayar a ma'ajiya bayan kowane saƙo. A nan ma da sauran rina a kaba, domin wutar na iya ɗaukewa a tsakanin fitar saƙo da rubutun, kuma na'ura takan ce ta rubuta alhali bayanin yana jira a layi. Tsarin da ke aiki shi ne a yi ajiyar gaba. Kafin a taɓa lamba ko ɗaya, a rubuta a ma'ajiya cewa tashi na gaba zai fara daga inda ake yanzu da ƙarin 10,000, a tilasta rubutun ya sauka da umarnin fsync, a jira tabbaci, sannan a fara cin lambobin. Idan an cinye su a sake ajiye wasu 10,000. Idan wuta ta ɗauke a tsakiya, an yi asarar lambobi, kuma wannan ba komai ba ne: ƙidaya mai bit 64 ba za ta ƙare a rayuwar na'urar ba. Sauran bit 32 na nons ɗin a ba wa lambar na'ura, don reshen Tasawa da na Dan Isa kada su taɓa yin karo.

Hanya ta biyu da nons ke maimaituwa ita ce kwafin na'ura. Ma'aikaci ya shirya na'ura ɗaya tsaf, ya ɗauki hoton ma'ajiyarta, ya zuba a guda ashirin don ya huta. Yanzu ashirin ɗin suna da mabuɗi ɗaya, lambar na'ura ɗaya, ƙidaya ɗaya. Haka idan saba ta lalace aka dawo da ajiyar makon jiya: ƙidaya ta koma baya da mako guda, mabuɗi bai sani ba. Maganin farko shi ne kada mabuɗi ya shiga hoton da ake kwafa, kowace na'ura ta ƙirƙiri nata a tashin farko, a yi mata rajista. Na biyu, a kowane tashi a ciro sabon mabuɗin aiki daga uwar mabuɗi ta HKDF, wani lissafin ciro mabuɗi daga wani mabuɗi, tare da bayit 32 na ƙuri'a sabbi fil, wato waɗanda ba wanda zai iya hasashensu. Idan mabuɗin aiki sabo ne, ƙidaya ta fara daga sifili ba laifi.

Ta uku ta fi su dabara, kuma raunin layin waya a ƙauyuka ne ke jawo ta. Saƙo ya fita, amsa ba ta dawo ba, manhaja ta sake gwadawa. Idan ainihin kullallen saƙon nan ta sake turawa, bayit da bayit, babu matsala. Amma sau da yawa sai ta sake gina saƙon, ta sa sabon lokaci a ciki, ta kulle da tsohuwar nons saboda a ganinta ciniki ɗaya ne. Saƙo biyu daban, nons ɗaya. Dokar a nan gajeriya ce: ko dai a ajiye kullallen saƙon a rinƙa tura shi yadda yake, ko kuma duk sabuwar kullewa ta ci sabuwar nons.

Wanda ba ya son wahalar ƙidaya yana iya zaɓen nons ta ƙuri'a, amma ya san iyakarsa. Ga nons mai bit 96, hukumar NIST ta Amurka ta kayyade kada a wuce saƙo 2^32 a mabuɗi ɗaya, wato kusan biliyan 4 da miliyan 295. Shago ba zai kai nan ba. Haɗarin yana wajen masu rage tsawon nons don tsimin wuri. Idan bit 32 kawai aka bar wa ƙuri'a, da an kai saƙo kusan 77,000 yiwuwar karo ta kai rabi. Kasuwancin da ke aika saƙo 2,000 a rana zai kai wurin cikin kwana 39.

A ganinmu, ga ƙaramar tawaga da ba ta da mai bin diddigin tsaro na musamman, zaɓi mafi hankali shi ne XChaCha20-Poly1305, wani tsarin AEAD da ke cikin laburaren libsodium, wato tarin shiryayyun sassan manhaja da masu rubuta manhaja ke ɗauka su yi aiki da su. Nons ɗinsa bit 192 ne, a zaɓe ta ta ƙuri'a a manta da batun karo. Yana da wata fa'ida da ta dace da kasuwarmu: yawancin tsofaffin wayoyi masu araha ba su da sashen da ke gudanar da AES a cikin masarrafarsu, AES na yi musu nauyi, kuma idan aka rubuta shi da jadawalin duba amsa yana iya tona mabuɗi ta bambancin lokacin aiki. ChaCha20, ƙirar Daniel Bernstein, ba ya bukatar wannan sashen. Wanda aka wajabta wa AES kuma ya duba AES-GCM-SIV, da aka wallafa a 2019 a takardar ƙa'idar intanet mai lamba RFC 8452. Idan nons ta maimaitu a cikinsa, abin da ke fita kawai shi ne a gane cewa saƙo biyu iri ɗaya ne sak. Wahalarsa ita ce sai ya bi ta kan saƙon sau biyu wajen kullewa.

Bayanan rakiya kuma, da yawa sukan bar gurbin fanko, alhali nan ne ake ɗaure saƙo a mazauninsa. Kullallen adadin kuɗin da ke asusun wani, idan aka ɗauke shi a rumbun bayanai aka liƙa a layin wani, hatiminsa zai dace, tunda ba a taɓa shi ba. Amma idan lambar asusu, lambar reshe, nau'in saƙo da sigar tsarin suna cikin bayanan rakiya, da an matsar da shi sai hatimi ya ƙi. A lura kuma AEAD ba ta hana a sake turo tsohon saƙo na gaskiya. Umarnin biyan sefa 150,000 na jiya, idan aka sake turo shi yau, ingantacce ne a idon hatimi. Saba ce za ta riƙe lambar ciniki ta ƙarshe da ta karɓa daga kowace na'ura, ta ƙi duk wadda ta taɓa gani.

Wajen buɗewa, kada bayit ko ɗaya ya fita zuwa sauran manhaja kafin hatimi ya tabbata. Ga babban fayil, a yanka shi gunduwa-gunduwa, misali kilobayit 64 kamar yadda manhajar age ke yi, kowace gunduwa da hatiminta da lambarta a jere, ta ƙarshe kuma da alamar cewa ita ce ta ƙarshe, don kada a datse wutsiyar fayil ba a sani ba. Kada a rage hatimi daga bayit 16 don saƙo ya shiga SMS ɗaya mai bayit 140. Nons da hatimin GCM gaba ɗaya bayit 28 ne, gara a rage surutu a cikin saƙon. Amsar kuskure kuma ta zama ɗaya tal ko mene ne dalilin.

Duk wannan bai warware rigima tsakanin reshe da babban shago ba. Mabuɗin AEAD su biyun ne ke riƙe da shi, don haka idan wakilin Madarumfa ya rantse bai aiko umarnin ba, hatimi ba zai zama shaida a gaban wani na uku ba, tunda saba ma tana iya buga shi. Nan ne sa hannun dijital ke shigowa: mabuɗin sirri yana hannun mutum ɗaya, mabuɗin fili yana wurin kowa, kowa na iya tantancewa, mutum ɗaya ne ke iya sa hannu.

Abin mamaki, ciwon dai shi ne wancan. A tsarin sa hannu na ECDSA, kowane sa hannu lambobi biyu ne, r da s, kuma yana bukatar wata ɓoyayyar lamba k. Daga k ake samun r, sannan s = (z + r·d) ÷ k, inda z ke wakiltar taƙaitaccen tambarin saƙon, d kuma mabuɗin sirri, duk lissafin a cikin da'irar wata babbar lamba n, wato ragowar rabawa da n ake ɗauka. Idan aka yi amfani da k ɗaya sau biyu, r za ta fito iri ɗaya, kowa ya gani da idonsa. Daga nan, da z da s na saƙo na 1 da na 2, k = (z1 − z2) ÷ (s1 − s2), sannan d = (s·k − z) ÷ r. Layi biyu na lissafi, mabuɗin sirri ya fita. Haka aka yi wa na'urar wasan PlayStation 3: a ƙarshen 2010 wata tawaga mai suna fail0verflow ta nuna a wani taro a Jamus cewa k ɗaya ake ta maimaitawa. A 2013 rauni a injin ƙuri'a na Android ya sa wasu asusun Bitcoin maimaita k, aka kwashe kuɗin ciki.

Ba ma sai k ta maimaitu ba. Idan ta ɗan karkata kawai, an shiga uku. A 2024 aka gano cewa manhajar PuTTY, da ake shiga saba daga nesa da ita, daga siga 0.68 zuwa 0.80, tana samar da k da bit 9 na farko duk sifili idan mabuɗin ECDSA ɗin nau'in P-521 ne. Sa hannu kusan 60 sun isa a ciro mabuɗin. Duk mai kula da saba da ya taɓa amfani da irin wannan mabuɗin a waɗancan sigogi, sabunta manhajar kaɗai bai wadatar ba, sai ya soke mabuɗin ya ƙirƙiri wani.

Gyaran ya daɗe da samuwa. RFC 6979 na 2013 ya tsara yadda za a ciro k daga mabuɗin sirri da saƙon kansa, ba tare da dogaro da injin ƙuri'a ba. Tsarin sa hannu na Ed25519, wanda aka fitar a 2011, da haka aka gina shi tun asali: mabuɗin fili bayit 32, sa hannu bayit 64, kuma NIST ta amince da shi a FIPS 186-5 a 2023. Ga sabon aiki shi za mu ba da shawara. Sai dai a kiyaye abu biyu. Kada aikin sa hannu ya karɓi mabuɗin fili daga waje, ya ciro shi da kansa daga na sirri, domin sa hannu biyu kan saƙo ɗaya da mabuɗan fili daban suna tona sirrin, kuma an samu wannan kuskuren a laburare da dama a 2022. Sannan na'urar da ke hannun jama'a, wadda wani zai iya buɗewa ya yi wasa da wutarta don lissafi ya kauce, ta fi aminci idan tana gauraya ɗan ƙuri'a a cikin k, ta kuma tantance sa hannunta kafin ta sake shi.

Ɓangaren mai tantancewa ne aka fi sakaci da shi, domin gwajin da ake yi kullum shi ne a ga ingantaccen sa hannu ya wuce. Wa ke gwada na bogi? A 2022 Neil Madden ya bayyana cewa Java, wani harshen rubuta manhaja, daga siga 15 zuwa 18 tana karɓar sa hannun ECDSA da r da s duk sifili, kan kowane saƙo, da sunan kowane mabuɗi. An manta da duba cewa lambobin biyu suna tsakanin 1 da n − 1. Tarin gwaje-gwajen Wycheproof, da Google ta fitar a 2016, cike yake da irin waɗannan gurɓatattun misalai, kuma kyauta ne. A gudanar da shi kan duk laburaren da za a dogara da shi, a sake bayan kowane sabuntawa. Haka nan mai tantancewa ne zai yanke wane tsari yake karɓa, ba saƙon ba. A 2015 an samu laburare da yawa na JWT, wato takardun izinin shiga masu sa hannu, da ke karɓar takardar da ta ce tsarin sa hannunta "babu", su wuce da ita.

A kan me ake sa hannun ma? A kan bayit, ba a kan ma'ana ba. A tantance bayit ɗin da suka iso yadda suke, sannan a fassara waɗancan ɗin dai, kada a tantance kwafi ɗaya a yi aiki da wani. A fara kowane saƙo da lakabin aikinsa, "rasit" daban, "umarnin biya" daban, don kada sa hannun da aka yi kan ɗaya ya yi aiki a gurbin ɗayan, kuma kowane fili ya zo da tsawonsa a gaba. Wajen ciro tambarin saƙo, tsofaffin hanyoyin MD5 da SHA-1 sun fita daga lissafi. An nuna fayil biyu masu tambarin SHA-1 ɗaya tun Fabrairun 2017, don haka SHA-256 ne mafi ƙaranci. Mabuɗin sirri kuma a ƙirƙire shi a inda zai zauna, a cikin Android Keystore idan waya ce, kada ya taɓa bi ta WhatsApp ko filashi. A tanadi hanyar soke shi tun ranar farko, domin ana sace waya a tasha da kasuwa, kuma reshen da ya kwana biyu ba layi bai san an soke komai ba. Saboda irin wannan reshen, gara takardar izini mai gajeren wa'adi da ake sabuntawa a kai a kai, tare da hana na'ura karɓar agogon da ya koma baya bayan batir ya mutu.

Saura batun kwamfutar kwantum, wata sabuwar irin kwamfuta da ake ƙoƙarin ginawa. Lissafin Peter Shor na 1994 zai karya tsare-tsaren sa hannu na RSA, ECDSA da Ed25519 duka idan aka gina na'urar da ta isa, AES mai mabuɗin bit 256 da ChaCha20 kuwa ba su cikin wannan haɗarin. Rasit ɗin da amfaninsa zai ƙare a wata guda ba abin damuwa ba ne. Takardar fili, ko shaidar kammala karatu irin wadda jami'a kamar Dan Dicko Dankoulodo ke bayarwa, wadda za a nemi tantancewa bayan shekara talatin, ita ce abin tunani. A Agustan 2024 NIST ta fitar da ƙa'idojin sa hannun da aka tsara don jure kwamfutar kwantum: FIPS 204, wato ML-DSA, da FIPS 205, wato SLH-DSA. Nauyinsu a girma yake: mafi ƙanƙantar ML-DSA tana da mabuɗin fili bayit 1,312 da sa hannu bayit 2,420, mafi ƙanƙantar sa hannun SLH-DSA kuma bayit 7,856. Sa hannun Ed25519 yana shiga SMS ɗaya har da saura, na ML-DSA ya fi SMS 17. Lambar QR mafi girma bayit 2,953 take ɗauka, ke nan sa hannun ML-DSA zai cinye mafi yawan wurin, na SLH-DSA ba zai shiga ba sam. Wanda ke tsara rumbun bayanai yau kada ya yanka wa gurbin sa hannu bayit 64 cif. Ya bar shi a buɗe, ya sa bayit ɗaya na siga a farkon kowace takarda, a cikin abin da sa hannun ya rufe, ta yadda saba za ta iya karɓar siga ta 1 da ta 2 tare na ɗan lokaci, sannan a sa ranar da za ta daina karɓar ta 1.